Kawu Mai Tatsuniya da Rana

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. Ya rasu a gidansa na Kakuri da damina ta fara ja da baya, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Na zauna karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa har aka yi addu'ar bakwai, kuma abin da kunnena ya jiyo a wurin ne ya sa na ɗauki biro. Ni ba gwanin rubutu ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya, yanzu keke mai ƙafa uku nake tuƙawa. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Duk wanda ya zo sai ya ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, ba ya fashin jam'i. Gaskiya ne, amma wannan shedar ko ni na mutu za a yi mini ita, alhali duk layinmu an san ba ni da haƙuri. Tsofaffin da suka yi aikin masaƙa tare da shi suka yi ta tuna ƙarfinsa a kan inji. Maƙwabcinsa, wani dattijon coci ɗan kudancin jiha da suka tsufa tare, kullum sai ya zo ya cire takalmi ya zauna a gefe, bai ce komai ba sai "sai haƙuri", idonsa na kan ƙofar zaure. Ba wanda ya ambaci abin da Kawu ya ƙarar da tsufansa a kai. Mutum ɗaya ne ya kusa, wani Alhaji mai shagon siminti, da ya ce Allah ya yafe masa har da shirmen nan na tara yara yana yi musu tatsuniya da rana tsaka. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa.

Yaran da ake magana kuwa suna tsaye a tsallaken titi, bakin kwata, samari da 'yanmata, namu da na maƙwabta, ba su san ko an yarda su matso ba. Su ne suka fi kowa rashi, amma ba wanda ya je ya yi musu gaisuwa.

Akwai wata maganar da ni kaɗai aka riƙa yi wa. Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda ya daɗe da komawa tsallaken kogi, ya ja ni gefe ya ce, to bawana, igiyar da ta ɗaure ka a nan ta tsinke, ɗaki biyun da na samo maka a Unguwar Mu'azu suna nan, amma mai gida ba zai jira ka har Mahadi ya bayyana ba. Na ce masa ubangidan da ba ya ciyar da bawa ai sunansa maƙwabci. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Amma na amsa masa, har muka tsayar da Alhamis ranar tashi.

Wanda ba a garin nan yake ba sai an yi masa bayani. Shekarun tashin hankali sun mayar da kogi iyaka. Musulmi da yawa suka kwashe suka haye arewa, Kiristoci suka gangaro kudu, kowa ya bi inda zai yi barci da ido biyu a rufe. A layinmu mu kaɗan muka rage. Na daɗe ina so in kwashe iyalina in bi sahu, Kawu ne ya tsaya mini a wuya. Bai taɓa cewa kada in tafi ba. Cewa yake, ranar da aka ɗauke shi a makara in yi yadda na ga dama. To ga shi an ɗauke shi.

Injin saƙa ya cinye masa kunne tun yana da ƙarfinsa. Ba ya ji sai ya kalli bakinka, shi ya sa duk mai magana da shi dole ya fuskance shi, ya buɗe baki sosai, ba ƙunƙuni. In ya gaji da kai, juya fuska kawai zai yi, shi ke nan ka zama rediyon da aka kashe. Yana yawo da goro ɗaya a aljihu, ba ya ci, ya ce haƙoransa sun yi ritaya kafin shi, nuna mutum kawai yake yi da shi. Yana sauraron labaran duniya da wata tsohuwar rediyo da ya ɗaure da roba, ya manna ta a kunnen da ya rage, yana gardama da masu karanta labarai kamar suna jin sa.

Shi ya shigar da ni masaƙa da na bar makaranta. Da aka rufe ta, aka watsar da mu kamar ruwan wanki, sai na kwanta a ɗaki. Ba na fita, ba na aski, matata tana ta kaina tana ta jaririya. Wata safiya Kawu ya yi sallama da hularsa ta zuwa aiki, ya ce in tashi mu je mu duba ko an buɗe. Na ce Kawu ai ka san ba za a buɗe ba. Ya juya fuska. Haka na sa takalmi na bi shi. Muka taka har bakin get, muka kalli kwaɗo, muka gaisa da mai gadi, muka sha shayi a wurin mai shayin da shi ma cinikinsa ya mutu tare da mu, muka dawo. Gobe ma haka. Ya yi ta jana kowace safiya har wata rana a hanya na haɗu da wanda ya ba ni tuƙin keke. Daga ranar bai sake zuwa duba get ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Mutane suna faɗin haƙurinsa. Ni wannan tafiyar banzar nake tunawa, ita ta hana ni ruɓewa a gaban matata.

Labaran nasa sun fara ne bayan gari ya lafa. Ya lura yaran layi sun daina wasa tare, kowa uwarsa ta ja masa kunne. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ranar Asabar bayan la'asar, ya kira jikokinsa da jikokin dattijon coci, ya ce yana da labari. Kowa ya san tatsuniya aikin tsofaffin mata ce, kuma ba a yin ta da rana, ana cewa mai yi ɓata zai yi a hanya. Aka yi ta tsokanarsa, har matarsa ta ce za ta saya masa zane. Shi kuwa dalilinsa a fili yake: yaran nan dole kowa ya isa gida da sauran haske, ba uwar da za ta bar ɗanta a gidan wani bayan magariba a garin nan. Kuma ya ce nasa ba tatsuniya ba ce, tatsuniya abin da ya wuce ne, nasa bai iso ba tukuna. Shi ya sa bai taɓa rufewa da ƙurunƙus ba.

Babu Gizo babu Ƙoƙi a ciki. Garuruwan gaba ne, bayan komai ya lalace, kuma kullum 'yan shekara sha biyar zuwa sha bakwai ne a tsakiyar wahalar. Akwai garin da masu mulki suka haramta gaisuwa don wai tana cin lokacin aiki, har yara suka tashi ba su san yadda ake tambayar lafiyar mutum ba, sai wata yarinya ta ji kakarta tana yi a ɓoye. Akwai garin da ake kwashe tsofaffi a kai bayan gari saboda su kaɗai suka tuna yadda ake zaune a da. Akwai garin da dare ba ya yi, sama kullum ja kamar wutar matatar mai da muke hangowa ta wajen Rido muna yara, mutane ba sa mafarki, sai a sayar musu da shi a kwalba. Ban san inda yake samo su ba. Wani lokaci yana zaune a bayan kekena sai in ji yana dariya shi kaɗai, in na waiwaya ya ce in kalli gabana, gari yake ginawa.

Abin da ya bambanta shi da masu ba da labari shi ne ba ya ƙarasawa da kansa. Zai kai labari inda ya yi tsauri, inda yaron ciki dole ya tona asirin abokinsa ko ƙanensa ya kwana da yunwa, sai ya tsaya ya zaro goron nan ya nuna mutum ɗaya. Kai ne shi, me za ka yi? Ba a cewa ban sani ba. Ba a cewa sai na yi shawara. In ka zaɓa, sai a tashi, sakamako sai Asabar mai zuwa, kuma dole mai zaɓin ya zo ya ji abin da zaɓinsa ya haifa. In bai zo ba labari ba ya motsi, sauran yara su je har gida su ɗauko shi. Kuma duk wanda ya zauna a tabarmar ya shiga, babu ɗan kallo. Ni dai a bakin ƙofa nake tsayawa in na zo wucewa.

Ba ya sassauta musu. Wanda ya zaɓi jarunta sai ya nuna masa wanda jaruntar ta kashe. Wanda ya zaɓi tsira sai ya nuna masa da me ya biya. Yana cewa gari ba ya rushewa rana ɗaya, mutanen kirki ne suke ta cewa "ba ruwana" har ruwan ya ƙare. Yana kuma cewa gara yaro ya fara cin amanar abokinsa a kan tabarma, ya ji ɗacin, kafin wani ya zo ya ba shi kwalbar fetur.

A kan labaran nan muka yi faɗa. 'Yata ta fari, mai shekara sha shida, ba ta fashin zauren. Kawu amaryarsa yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren kurma sai ya sayi sabon kunne. Babbar ƙawarta jikar dattijon cocin nan ce, tare suka yi rarrafe. Wata Kirsimeti gari ya ɗan yi zafi, ana ta raɗe-raɗi, na ce kada ta kuskura ta je gidansu cin shinkafa. Yarinyar da ban taɓa jin ta mayar mini da magana ba ta durƙusa, cikin ladabi kuwa, ta tambaye ni wa wannan dokar take karewa, wa kuma take cutarwa. Na san ba a cikina ta samo wannan ba.

Na same shi yana gyara robar rediyonsa. Na faɗa masa duk abin da ke bakina. Na ce yana cusa wa yara tsoro da taurin kai, yana tara 'ya'yan mutane a zaurensa, ranar da wani abu ya samu ɗaya a hanya mu za a ƙone. Na ce mu da muka ga gawa a kwata ba ma bukatar a ƙirƙiro mana lalataccen gari, a cikinsa muke biyan haya. Ya bi bakina da kallo har na gama, bai juya fuska ba, abin da ya ba ni mamaki.

Ya ce, "Kai kana so ta tsira daga wuta. Ni ina so kada ta zama mai ɗauko ashana. Aiki biyu ne, ka yi naka in yi nawa."

Na ɗauke ƙafa daga gidansa har aka fara magana a dangi. Shi ne ya zo da kansa, ya shige bayan keke ya ce in kai shi Sabon Tasha. Da muka isa na tambaye shi ina zai sauka, ya ce babu, mu koma. Sulhun ke nan. Kuma har yau ban janye maganata ba. Labari ba ya tare adda. Na faɗa masa yana da rai, ina faɗa yana kabari.

Labarinsa na ƙarshe na wani gari ne da aka gina wa katanga a tsakiyar kogi, mutane iri biyu, kowane iri da ɓangarensa. Lungu ɗaya ne ya rage a gindin katangar inda har yanzu ake zaune a cakuɗe, a nan wata yarinya take da iyayenta. Sai masu mulki suka yi shela cewa za a rufe ƙofar katanga har abada, kowa ya koma cikin irinsa, wanda ya ƙi za a yanke masa rabon ruwa. A daidai nan numfashi ya gaza masa ranar. Bai zaro goro ba, ya ce su yi haƙuri sai Asabar. Kafin Asabar ɗin aka kai shi asibiti, da aka dawo da shi gida sai makara.

Asabar ɗin da ta biyo bayan addu'ar bakwai, matar Kawu tana cikin takaba ta sa aka share zaure aka shimfiɗa tabarma. Ta ce shi bai ce mata a daina ba. Ni ban sani ba, na zo ne in ɗauki 'yata ta je ta taya uwarta ɗaure kaya, tunda Alhamis za mu tashi. Na tarar da su cike da zaure, shiru, wurin zamansa ba kowa. Tun asuba nake kan titi, bayana kamar zai rabe biyu, sai na samu gefen tabarma na zauna ina jiran ta sa takalmi. Wallahi ban yi tunanin komai ba.

Ƙawar 'yata ce ta ɗago ta ce, "Baba, ai ka riga ka zauna a tabarma fa."

Na yunƙura zan tashi. Dattijon coci yana tsaye a bakin ƙofa, daidai inda na saba tsayawa, ya ce Malam doka ce, shi ma ta taɓa kama shi, sai da ya yi wata guda yana zaman sarkin wani gari marar ruwa. Yara suka yi dariya, karon farko tun rasuwar. Na koma na zauna, don ban iya kashe wannan dariyar ba.

Suka maimaita mini labarin, wannan ya kama wancan ya gyara. Babu goro, da yatsa yarinyar ta nuna ni, ta ce ni ne uban yarinyar cikin labari, ƙofa za a rufe, me zan yi. Ban ɓata lokaci ba. Na ce zai kwashe iyalinsa ya shige cikin irinsa, domin uba ba ya caca da ran 'ya'yansa, kuma duk wanda ya ce ba haka ba bai taɓa gudu cikin hayaƙi da yaro a kafaɗa ba. 'Yata ba ta yi kuka ba, tabarma ta zuba wa ido. Ƙawarta ta ce to an ji, sakamako sai Asabar.

Na ce ai mu Alhamis za mu tashi. Wani saurayi ɗan bakanike ya ce ba matsala, doka ta ce a je a ɗauko mutum har gida, in yi musu kwatance kawai, daga gada ina ake bi. Ba wasa yake ba. Na kalle su, na hango su a ayari suna haye gada, rabi da hijabi rabi da sarƙar giciye a wuya, suna tambayar gidana lungu-lungu a unguwar da ba a san su ba. A ranar na kira taubashina na ce a ɗaga tashin da mako guda. Ya tambayi dalili, na ce bayana ne.

Asabar na zo, na zauna da ƙafata. Sun yi mako suna haɗa ci gaban a tsakaninsu. Ba su kai shi ba, ko kusa. Mutum biyu su yi magana lokaci ɗaya, wani ya manta abin da aka shirya, babu wannan shirun da yake yi kafin ya faɗi mugun abu. A nan na ji rashinsa fiye da ranar da muka zuba masa ƙasa. Na yi zaton za su hukunta uban, su kashe masa wani. Ba su yi ba. Iyalin suka haye lafiya, suka samu ruwa, yarinya ta girma ba abin da ya taɓa ta. Na ce to kun gani. Suka ce da saura. Da yake ita a gindin katanga ta tashi, ta san lungunan wancan ɓangaren, sai masu mulki suka ba ta aiki mai kyau a saman katanga, aikin nuna gidajen da za a far wa. Wata rana aka ce ta nuna gidan da ta fi sani a tsohon lungunsu. In ta ƙi, a kori iyayenta daga rabon ruwa. Sai ta sauko ta tafi gida ta durƙusa gaban ubanta ta ce, kai ka kawo mu nan, me zan yi?

Yatsa ya sake dawowa kaina. Na ce wannan cuta ce, Kawu bai taɓa nuna mutum ɗaya sau biyu a jere ba.

'Yata ce ta amsa, a hankali, tana kallon bakina kamar yadda yake yi. Ta ce, "Kaka ba ya nan, Baba. Mu ne."

Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, ko a gaban ɗan sanda, sai ga shi na roƙi a ba ni mako guda, suka duba juna suka ba ni, wai don ni sabon shiga ne.

Mai gidan Unguwar Mu'azu ya gaji ya ba wani ɗakunan. Taubashina ya kira ya wanke ni tas, ya ce tsoho ya mutu ya bar mini haukarsa gado, na ce ai bawa ba ya gado, sai abin da aka jefar. Ban ce na fasa tashi ba, kada wani ya karanta wannan ya ce na ce. Kayanmu suna nan a ɗaure cikin buhuna, sai dai na lura matata tana zaro tukunya ɗaya-ɗaya ba ta mayarwa, ni kuma ban hana ta ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari fiye da yadda ya yalwata zaurensa ga 'ya'yan mutane, ya mayar masa da jinsa a inda babu ƙarar inji. Ya sa abin da aka kira shirme ya zame masa nauyi a mizani. Ni kuwa ina ta jan fasinja daga Kakuri zuwa Unguwar Boro ina juya tambayar nan a kaina, har na wuce da mutum inda zai sauka. Da yana nan da na ɗauke shi a bayan keke mun je Sabon Tasha mun dawo, ko bai ce komai ba. Ba ya nan, kuma gobe Asabar.